Wutsiyar Idon Mai Hoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yar Baure. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Kano lafiya, kin sami kawunki da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa matar da za ki koyi aikin hoto a hannunta ta riƙe ki da amana. Mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a aljihun kowa. To ai kin san hirata da ke a waya: "Lafiya? Lafiya. Madalla, ga uwarki." Abin da ke cikina ba zai fito ta baki ba, na gwada ya ƙi. Kada kuma ki yi wa girman rubutun dariya, kamar na ɗan aji ɗaya. Irinsa kaɗai nake iya karantawa yanzu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon idon nan da nake zuwa Katsina a kansa, wanda kullum nake ce muku ana samun sauƙi, babu wani sauƙi da ake samu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma na makara. Maganin ɗigawar rage masa gudu kawai yake yi, abin da ya ci ya ci. Daga gefe yake farawa, yana cinyowa zuwa tsakiya. Yanzu dama da hagu duk sun tafi, abin da ya rage mini kamar mai leƙe ta kafar makulli ne, abin da na fuskanta sosai shi kaɗai nake gani. Na tambayi likitan ragowar za ta kai yaushe, ya ce, "Baba, sai dai mu yi ta addu'a." Na daɗe a duniya, na san ma'anar irin wannan amsa.

Ba makantar ce ta fi damuna ba, ko da yake tana damuna. Ke ce.

Ke 'yar fari ce, kin kuma san yadda muka tashi muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zuba masa ido. Ana yaye ki Yaya Lanti, gwaggonki, ta goye ki sai Baure, shi ya sa har yau 'yar Baure nake ce miki. Da ta rasu kika dawo gida, sai na koyi kallonki da wutsiyar ido, na kuwa ƙware. Ina fuskantar bango ina goge gilashi, amma na san kin shigo, na san kin rame ko kin murmure, na san lokacin da kike laɓaɓowa ki ɗauki kyamarata kina tsammanin ban gani ba. Da wannan gefen idon na raine ki. To shi ne ciwon ya fara cinyewa. Tun damunar bara ban gan ki ba, muna gida ɗaya, muna cin tuwon tukunya ɗaya.

Ranar da za ki tafi na raka ki tasha. Ina tsaye ina kallon tayar motar kamar ni zan gyara ta, na ji kin ce, "Baba, za mu tashi." Wuyana kawai zan juya in gan ki. Wallahi wuyan ya ƙi. Na ce wa tayar, "Allah Ya tsare," motar ta ja. Na dawo gida na zauna a zaure, raina a ɓace, ban san wanda zan yi wa faɗa ba.

Kyamarar ma haka na ba ki ita, babu kalma ɗaya ta koyarwa, don koyar da hoto sai an haɗa kai wuri ɗaya ana leƙa madubi ɗaya. Bari in biya a takarda abin da na kasa biya a zaune. Ba ni da wani ilimi sai hotunan da na ɓata, su zan ba ki.

Da na ɗauki kyamarar zan sa miki a jaka, na tarar kin bar maɓallin saman a kan koriyar alamar nan, inda take yi wa mutum komai. Ki murɗa shi zuwa harafin M, ki sha wahalarki tun yanzu. Abu uku ne kawai a ciki: faɗin ƙofar gilashi da haske ke shiga, saurin ƙiftawar kyamara, da lambar ISO da ke ƙara mata jin haske. Kamar duwatsun murhu suke, in kin taɓa ɗaya sai kin gyara biyun. In kika bar mata ta zaɓa da kanta za ta kunyata ki, don waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa ganin baƙin mutum cikin farar shadda da tsakar rana a kasuwar Mai'adua ba. Da ta ga farin kaya sai ta firgita ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta fito tas, fuskar mai riga ta koma gawayi.

A can Mai'aduwar na koyi wannan, ina saurayi, ina bin kasuwanni da kyamarar fim rataye a wuya, ina ji da kaina. Wani dattijo makiyayi ya tare ni a kara, wajen cinikin shanu. Lalura ta sa ya sayar da wani farin sa da ya raina tun yana maraƙi, har an kawo motar da za ta kwashe su zuwa kudu. Ya sa farar rigarsa ta fita kunya, ya dafa tozon san, ya ce, "Mai hoto, ka ɗauke mu da kyau. Wannan ba sa ba ne, ɗan'uwa ne." Rana tana bayansa. Na ga ranar sarai, amma allurar auna haske da ke cikin kyamara ta ce komai daidai, ni kuwa na fi yarda da allura a kan idona. Na danna, ya yi godiya, aka kora san cikin mota.

Da kasuwa ta zagayo ya zo karɓa. Sa ya fito har gashin kunnensa, riga ta fito, fuska kuwa baƙi ƙirin, ko hanci ba a rarrabewa. Ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "San dai na gan shi. Wane ne wannan a tsaye kusa da shi?" Ba ba'a yake yi ba, da gaske yake tambaya. Na ce ya yi haƙuri zan sake ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Da wane san?"

Saboda haka kafin ki ɗaga kyamara ki nemi rana, ki san inda take. Ki juya mutumin, ko ke ki zagaya. In tsakar rana ce ki ja shi bakin zaure ko inuwar katanga, amma ban da ƙarƙashin darbejiya, don ganyenta zai yi masa dabbare-dabbare a fuska. Ki auna haskenki a kunci, ba a riga ba. In dole sai ɗaya ya ƙone, rigar ta ƙone, babu wanda zai zauna bayan shekaru yana kewar riga. Ke kin yi sa'a, taki tana da madubi a baya da ke nuna abin da kika ɗauka nan take. Sai dai shi ma yana ƙarya cikin rana, ki lulluɓa shi da mayafinki kafin ki yarda da shi.

Hoton gwaggonki da ke cikin akwatin mahaifiyarki, kin san shi. Na ji ranar da kika tambaye ta me ya sa Gwaggo ta fito kamar hayaƙi, ta ce miki tsufan takarda ne. Rufa mini asiri ta yi. Haka ya fito tun ranar da aka wanke shi.

Yaya Lanti ba ta son hoto, duk zuwan da zan yi Baure sai ta kore ni da kyamarata. Sai da ciwonta ya yi tsanani ta aiko da kanta wai in zo in ɗauke ta, don yarinyar ta sami abin dubawa. Ke take nufi. Na hau babur na tafi, damuna ce, hanya duk ta zaizaye, na isa hannuwana suna ta karkarwa saboda riƙon kan babur. Kina jin ƙarar babur ɗina kika gudu maƙwabta, yadda kika saba. Na same ta a ɗakinta na ƙasa, taga ɗaya 'yar ƙarama, duhu kamar magariba. Abin da ya kamata shi ne in ce a kama ta a fito da ita bakin ƙofa. Na ji nauyin in wahalar da yayata, na kuma ji nauyin in haska mata filasha a ido. Sai na rage saurin ƙiftawar sosai don haske ya ishe ni, na riƙe kyamarar da hannun da bai daina rawa ba.

Na daɗe ina saiti, ta gaji. Ta ce, "Kai Sale, ko aljani za ka ɗauka ai da ka gama." Ta fashe da dariya, ni kuma daidai nan na danna. Guda ɗaya na ɗauka, don a zamanin fim rowar dannawa muke yi. Da na wanke na ga abin da ya fito, na ce ba komai, in an kwana biyu zan koma in sake. Biki ya taso nan, suna ya taso can, ina ta cewa gobe. Komawar da na yi Baure ta jana'iza ce.

Matar da ta goye ki, ta yi miki tsarki, ta tauna ta ba ki, abin da na bar miki nata ke nan, wata inuwa mai fararen haƙora. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in tsine wa hannuna.

Ki riƙe wannan da kyau. In mutum mai rai ne a gabanki, mai numfashi, mai dariya, kada saurin ƙiftawarki ya sauka ƙasa da ɗari da ashirin da biyar. In yara ne ko masu rawa, ki ninka. In ɗaki ya yi duhu ki buɗe ƙofar gilashi iyakarta, ki ɗaga lambar ISO ba tare da tsoro ba. Za a ce miki hoto zai yi yashi-yashi. Ya yi mana. Fuska mai yashi ana gane ta, wadda ta yi rawa kuwa babu bokan da zai dawo da ita. Ki matse gwiwar hannunki a haƙarƙari, ki jingina da bango, ki riƙe numfashi sannan ki danna a hankali. Ki ɗauka, ki sake, ki kuma sakewa, yanzu ba fim kike ci ba. In kuwa tsoho ne ko marar lafiya, kada ki bar wajen sai kin buɗe hoton kin ja shi kusa kin ga ƙwayar idonsa. Kada ki ce za ki dawo.

Maganar ƙwayar ido ta tuna mini da kakanki na Kongolam, Malam, mahaifin uwarki. Wannan kam kina iya dariya, ni ma ina yi in ba kowa. Shekarar da zai tafi aikin Hajji aka kira ni in ɗauke shi. Ya zauna a kan buzu cikin babbar riga mai aiki, na durƙusa na leƙa ta ramin kyamara, sai idona ya faɗa cikin nasa. Surukina! Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na yi maza na sunkuyar da ganina zuwa ƙirjinsa, na murɗa gilashi har aikin rigar ya fito sosai, na danna. Ga shi na buɗe ƙofar gilashin da faɗi, ita kuwa in ta buɗe haka, inda aka saita kaɗai ke fitowa, abin da ya ɗan matsa gaba ko baya sai ya dusashe. Malam ya sunkuyo gaba kaɗan. Zaren rigar nan ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kuwa dishi-dishi.

Na kai masa ina sunne kai. Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Madalla, Malam Sale. Maɗinkin nan zai ji daɗi ƙwarai." Almajiransa suka ƙunshe dariya. Kin ɗauka na gyara? Har ya bar duniya na ɗauke shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, duk hotunan riguna ne da rawuna.

A cikin kyamararki akwai ɗan akwatin nan na saiti da ke yawo a madubi. Ke za ki riƙa kai shi inda kike so, kada ki bar shi ya zaɓa, don shi abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli yake bi, sarƙa, agogo, bakin mayafi. Ki ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ke. Hakimi ne, malami ne, uwar miji ce, idon dai. In mutane sun yi layi biyu ko uku, ki matse ƙofar gilashin zuwa takwas don na baya su ma su fito, galibi tsofaffin da aka taru dominsu can baya suke maƙalewa. Ki gaishe da babba a durƙushe yadda aka koya miki, amma da zarar kin ɗaga kyamara ki kalle shi. In ba za ki iya ba, ki dawo gida mu nema miki jarin atamfa.

Wani lokaci ina kwance sai in ce anya ma ba cutarki na yi ba da na bar ki kika kama wannan hanya. Da mahaifiyarki ta kawo mini maganar na ƙi, ta yi ta bina da cewa matan aure sun fi son mace ta shiga ta ɗauke su, har na gaji na yarda. Amma ni na ga yadda sana'ar nan ta mutu a hannuna. Shagon da a da ranar sallah sai an yi layi har titi, na wuni a cikinsa daga ni sai ƙuda. Kowane yaro da waya mai hoto ne. Amare kuma ba kamanninsu suke so ba, so suke a wanke su su yi fari har uwar da ta haife su ta kasa gane su, na san kuma wannan ne farkon abin da za a koya miki a kwamfuta. Buhunan fim ɗin da na tara, fuskokin mutanen masarautar nan tun daga cikin gari har bakin iyaka, na buɗe su bara na tarar gara ta yi kalaci da su. Ban sani ba ko sana'a na miƙa miki ko gawa. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ni yanzu ko bakin ƙofa ba na hangowa, sai dai ki duba da kanki.

Saura hoto ɗaya, wanda na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Ranar saukarku ta Islamiyya ni aka ɗauka aikin hoto. Kowace yarinya ta fito da allonta mai zayyana, in tsayar da ita, in gyara mata hijabi da baki, in ce ta ɗaga haɓa, in ɗauka. Na yi wa 'ya'yan mutane aiki mai kyau a ranar, har yau yana rataye a ɗakunan iyayensu. Da layi ya zo kanki, sai wani abokina cikin iyayen yara ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku matso, yau za mu ga yadda Sale zai yi da 'yar farinsa!" Aka yi dariya. Na ji duk idon filin a kaina. Na ɗaga kyamarar sama-sama, fuskata tana wajen malamai, na danna ba tare da na leƙa ba.

Wannan kyamarar da ke hannunki ce, mai madubi. Na duba, na ga abin da na ɗauka: bango, turken rumfa, kujerar da ba kowa a kai, sai can gefe rabin hijabinki da hannun da ya riƙe allo. Kina nan tsaye ba ki motsa ba, kina jira ko zan sake. Na ce, "Ta gaba!"

Da na kawo hotunan gida mahaifiyarki ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta sake bi. Ta ce, "Malam, ina na yarinyar?"

Na ce, "Ya lalace."

Ta ce, "Na 'ya'yan mutane duk sun yi, nata ne kaɗai ya lalace?"

Ita da ko sunanki ba ta taɓa kamawa ba, ta tattara hotunan ta ajiye a gabana ta ce, "Ni ma ina kunyar nan, Malam, amma ni na san kamanninta. Kai fa?" Ke kuwa ba ki taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo a kan maganarta. Ki dubi bangon ɗakinmu, ƙannenki duk suna nan tun suna rarrafe. Babu naki ko ɗaya da ya fito daga hannuna.

To ga abin da zan ce miki game da tsara hoto, ni da na san shi na kuma take shi. Kafin ki danna ki tambayi kanki, hoton wa nake ɗauka? In kin sami amsa ki matsa kusa da shi da ƙafarki, ki ƙara matsawa, sabon mai hoto kullum daga nesa yake tsayawa kamar mai tsoron kare. Sannan ki zagaya da idonki kusurwa huɗu na madubin. Nan ɓarna take ɓuya: turken lantarki da ya tsiro a kan ango, bokiti, ƙafar wani, hannun da aka yanke a wuyansa. Ba dole mutum ya zauna a tsakiya kamar hoton fasfo ba, ki ɗan gusar da shi gefe, ki bar masa fili ta inda yake kallo. In yaro ne ki durƙusa ki yi daidai da shi. A gidan biki kuma ki lura da wadda ta ja baya ta tsaya a bakin taro ba ta tura kowa, sau da yawa ita ce ta fi kowa kusa da mai bikin. Wanda duk ya faɗa wajen hoto, ke kika bar shi a waje, kada ki ɗora wa kyamara.

Ban ce al'ada ta yi laifi ba. Iyayenmu sun yi ta, kuma sun so mu, ni ma ba don ƙi na yi ba, Allah Shi ne shaida. Sai dai na ɗauka gefen idon nan zai zauna tare da ni har kabari, ban taɓa kawo wa raina za a karɓe shi ina da rai ba. In Allah Ya ba ki naki na fari, ki yi kunyarki a gaban mutane yadda aka saba, in kun shiga ɗaki ki kalle shi har ki gaji.

Yanzu ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonki komai ba. Ki koyi abubuwan nan da sauri. Kada ki jira sai kin ƙware, kada ki jira sallah. Da zarar hannunki ya fara sanin lambobin, ki nemi izinin uwar ɗakinki ki zo gida ko na kwana ɗaya ne, da kyamarar.

Wanzami ba ya son jarfa, ban da na katin shaida babu wanda ya taɓa ɗaukata hoto. Ke za ki ɗauke ni. Da hantsi za ki sa a shimfiɗa mini tabarma a bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe. Ke za ki zaɓi komai, ba zan sa miki baki ba. Ki tsaya kusa, dab da ni, daidai gabana, don in kika goce ko kaɗan kin fita daga abin da nake gani. Sannan ki faɗi abin da kowane mai hoto ke faɗa, ki ce, "Baba, kalli nan." Ko duk unguwa ta taru babu mai cewa na yi abin kunya, mai hoto ce ta ce in kalla.

Amma kada ki yi saurin kai kyamarar fuskarki. Ki riƙe ta a ƙirji, ki yi ta murɗe-murɗe, ki yi kamar lissafin ya rikice miki. Ki ɓata lokaci iyakar iyawarki. Ba zan ce kin daɗe ba.

In kuma kin zo kin tarar kin ce in kalla ina ta lalube ban gano inda kike ba, kada ki yi kuka, hannunki zai yi rawa. Ki sake magana in juyo wajen muryar, ki ɗora ɗan akwatin a kan idona, ki ɗauka haka nan. Ko ni ban samu ba, ke dai za ki sami hoto ɗaya da mahaifinki yake kallonki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya kare mutuncinki a gidajen mutane, Ya sa hannunki ya fi nawa. Ki gaishe da kawunki da mutanen gidansa. Allah Ya kawo ki lafiya, Ya kawo ki da wuri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sale mai hoto, Daura.